Fulawar Roba a Ɗakin Amarya: Ado Ce Ko Ƙauyanci?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni uwa ce daga Mabera, nan Sakkwato. Ɗiyata za a kai ɗaki bayan Sallah, muna cikin haɗa kayan jere. Na so in sai mata fulawar roba ta falo da ta ɗakin kwana, sai gwaggonta ta ce wanga abu ya zama ƙauyanci, ba a sa shi gidan 'yan gayu yanzu. Ni kuma na san fure mai rai ba ya kwana biyu cikin zahin garin ga. Don Allah, fulawar roba na iya yin kyau na mutunci, ko in bar ta kawai?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Idan na fahimce ki, abin da kike son sani shi ne ko laifin na robar ne ita kanta, ko kuwa na yadda ake sayenta da yadda ake sa ta. Laifin na yadda ake sayenta da sa ta ne. Fulawar roba tana yin kyau na mutunci, har baƙuwa ta kai hannu ta taɓa don ta tabbatar. Amma gwaggo ba ta yi ƙarya ba, domin yawancin wadda ake gani a gidajenmu ba irin wannan ba ce. Kowa ya san falon da take nufi: kusurwa huɗu, kowace da dogon bokitin fulawa, furen wardi shuɗi an barbaɗe shi da ƙyalƙyali, ganyen roba ya nannaɗe sandar labule ya zarce har saman talabijin, wata ma ko ledar da aka sayo ta a ciki ba a cire ba, ƙurar hunturu biyu ta kwanta a kai har koren ya koma ruwan toka. Wannan kam duk wadda ta gani za ta ce a kwashe.

Ƙa'idar da muke aiki da ita a wannan sana'a ta kwalliyar ɗaki ɗaya ce, sauran bayanin duk daga gare ta ya fito: abin da fure mai rai ba zai yi ba, kada a sa na roba ya yi. Kada ya zo da launin da Allah bai halicci furen da shi ba, kada ya tsaya inda shuka ba za ta tsaya ba, kada ya yi yawan da ba mai iya ajiye masu rai haka, kuma kada a yi watsi da shi don an ce ba ya shan ruwa.

Batun zafi da kika kawo gaskiya ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ga busasshiyar iskar hunturu. Furen wardin da zai yi mako guda a wuri mai sanyi, a nan kwana biyu ko uku ya sunkuyar da kai, balle in an ɗauke wuta. Ba a nan ake nomansa ba kuma, sai an yo odarsa daga nesa. Saboda haka wadda ta zaɓi na roba a garin nan ba gazawa ta yi ba, lissafi ta yi.

Ba duka ce roba ɗaya ba

Mafi yawan fulawar da ke kasuwanninmu daga ƙasar Sin take fitowa, musamman babbar kasuwar sari ta birnin Yiwu, ta sauka Legas, ta biyo ta Kano ta iso nan. A shago ɗaya a Babbar Kasuwa za ki tarar da mai kyau da marar kyau a rataye kafaɗa da kafaɗa, mai shago kuma duk "fulawa" zai ce miki. Ke ce za ki rarrabe.

Akwai ta yadi, wadda 'yan kasuwa ke cewa ta siliki, ko da yake kusan dukkanta yadin roba ne na foliyesta. Ita ce ta fi yawa, ba ta da nauyi, tana wankuwa, kuma mai kyanta ta fi kowace jure yanayinmu. Aibinta bakin fallayen furen ne, in yankan ba mai kyau ba ne sai zare ya riƙa warwarewa. Akwai ta zallar roba mai tauri. A fure ba ta yin kyau, tana ƙyalli, amma a ganye da ƙananan shuke-shuke masu kaurin ganye tana yi sosai, domin su ma na gaskiyar haka suke da santsi. Sai mai laushin nan da in kin taɓa za ki ji ta da ɗan danshi-danshi, wadda ake shafe yadinta da roba mai laushi ko a zuba ta gaba ɗaya daga kumfar roba. Ita ce ta fi kama da gaskiya, ita ce ta fi tsada, kuma ita ce ta fi tsoron Sakkwato. Zafi yana sa ta yi danƙo, farar ta koma ruwan ɗorawa, ƙura kuwa in ta manne mata ba ta kaɗuwa sai an goge. In ɗakin yana samun na'urar sanyaya ɗaki, a saya. In fanka ce kawai ƙarƙashin kwano, gara ta yadi mai kyau. Ta soso da ta takarda kuwa na kwalliyar wurin biki ne, na kwana ɗaya, kada su shiga jere.

Yadda za ki duba a kasuwa

Kada ki saya a cikin shago ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ki ce a fito miki da ita bakin ƙofa ki gan ta a hasken rana, ki ja baya taku uku ki kalla, sannan ki matso.

Ki fara juya ganyen ki ga bayansa, nan asiri yake tonuwa. Marar kyau gabanta kore ne, bayanta fari fat, da wata ƙashin roba da aka manna a tsakiya tana shirin ɓallewa. Mai kyau bayan ganyen ma an ba shi launi, jijiyoyinsa sun fito, kuma da siririyar waya a ciki da za ki lanƙwasa ya tsaya yadda kika so. Sai ki kalli furen. Na gaskiya ba ya zama launi ɗaya daga tsakiya har baki, cikinsa ya fi duhu, bakinsa ya fi haske, ko akasin haka. In kin ga ja guda ɗaya shar, ko'ina daidai, ki ajiye. Ki duba ko a reshe ɗaya akwai wanda ya buɗe sosai, da wanda ya buɗe rabi, da ƙaramin da bai buɗe ba. In duk kawunan girmansu ɗaya, tsayinsu ɗaya, ido zai gane aikin inji ne tun daga ƙofa.

Daga nan ki duba gindin furen inda ya haɗu da kara. Kada ki ga dunƙulen gam ko zaren gam yana reto. Ki ɗan ja kan furen a hankali, in ya zare cikin sauƙi to haka zai riƙa zubewa duk lokacin shara. Ki jiƙa gefen farin hankici ki goga a fallen fure ɗaya, in launi ya fito to ba ta wankuwa. Ki kuma shinshina. Mai warin roba mai ƙarfi tun a shago, a rufaffen ɗaki cikin watan Afrilu sai ya fi haka.

Akwai abubuwa uku da ba na shawartar kowa ya saya ko da kyauta ne: mai ƙyalƙyali, mai ɗigon gam da aka yi wai raɓa ce, da furen wardi shuɗi shar, domin babu wardi mai wannan launi a halitta. Wasu kuma suna zuwa da tsuntsun roba ko malam-buɗe-littafi a maƙale. Ki cire su. Ban da cewa suna rage wa abin daraja, gidaje da yawa ba sa son siffar mai rai a ɗaki. Fure da bishiya kuwa sanannen abu ne cewa Ibn Abbas ya ce wa mai sana'ar zane, in ba makawa sai ya yi, to ya yi bishiya da abin da ba shi da rai. Abin da ya wuce wannan na fatawa, malamai ne masu shi.

Waɗanda roba ke iya kwaikwayo sosai su ne waɗanda ko na gaskiyarsu yana da ɗan santsi: farin furen okid, furen tulif, reshen zaitun, ganyen bishiyar turare mai ruwan toka-toka, da moda. Wardi yana yi in mai kyau ne, fari ko ruwan madara ko ruwan hoda mai haske. Masu siraran fallaye da yawa, irin furen rana, su suka fi saurin warwarewa.

In ta waya za ki yi oda, ta Instagram ko WhatsApp, ki nemi bidiyo a hasken rana, a nuna miki bayan ganye, a gaya miki tsawon karan da santimita, a kuma faɗa miki reshe nawa ne a kuɗin. Hoton talla galibi dami huɗu ko biyar ake haɗawa a tukunya ɗaya, ke kuma ɗaya za a aiko miki. Kuɗin da za ki raba wa dami goma masu arha, ki haɗa shi ki sayi reshe biyar ko bakwai masu kyau. Arha ba ta ado, a nan kam haka maganar take.

Launi

A nan ba sai na ja ba. Ki kalli kujeru da labule da kafet tukuna. In suna da zane da ruwan gwal da yawa, yadda kayan amare suka saba zuwa, fulawar ta zama fara ko ruwan madara da koren ganye, shi ke nan. In kayan ɗakin lafiyayyu ne, ruwan toka ko ruwan ƙasa, sai a ba fulawar launi ɗaya mai ƙarfi, wanda ya riga ya bayyana a wani wuri a ɗakin, ko a filon kujera ko a bakin labule. Launi biyu da kore ya isa tukunya ɗaya. Ba dole ba ne fulawa ta zama launin labule sak, dangantaka ake nema.

Aikin da ake tsallakewa

Mafi yawan mutane daga leda sai tukunya. Wannan shi ya sa fulawa take tsayawa a matse, kanta a haɗe, kamar tsintsiyar da aka jingine a lungu. An danne ta ne a kwali tun daga masana'anta, ta yi watanni a hanya, dole sai an buɗe ta. Dami ɗaya yana cin minti goma zuwa sha biyar, kuma rabin kyan yana nan.

Ki fara daga ƙasa, ki buɗe rassan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya kalli nasa gefen. Ki lanƙwasa karan a kan yatsunki ya yi ɗan baka, kada ya karye gwiwa, domin babu shukar da take tsaye ƙiƙam. Wasu kawunan su ɗaga, wasu su ɗan sunkuya, ɗaya ko biyu su leƙo ta bakin tukunya. Ganyen da ya naɗe ki murza shi ya kalli sama. Fallayen yadi da suka yamutse, ki tafasa ruwa a butar shayi, ki riƙe furen a tururin daga nisan taƙi ɗaya, daƙiƙa biyar zuwa goma, sannan ki gyara da yatsa tun yana da ɗumi. Kada ki matsar da shi bakin butar, gam ɗin da ya riƙe furen zai saki. Ganyen roba mai tauri kuwa ki tsoma a ruwan ɗumi minti ɗaya, ki miƙe shi, ki bar shi ya huce a hannunki.

In damin a manne yake a gindi ɗaya, ki yanke rassan ki raba su, sai ki jera da kanki. Da filaya ake yankewa, da waya a ciki, almakashi zai dakushe a banza. Kada ki yanke su tsayi ɗaya, ki bar tazarar yatsu uku ko huɗu tsakaninsu. In kina shakkar tsayin, ki naɗe gindin karan ki cusa a tukunya maimakon yankewa, domin abin da aka yanke ba ya dawowa. Manyan furanni a sa su mara, uku ko biyar ko bakwai, ido ya fi sakewa da haka. Ganye kuma ya kai akalla kashi ɗaya cikin uku na abin da ke tukunyar. Ganyen da ya faɗa ƙasa da bakin tukunya a zare shi.

Tukunya

Bokitin roba mai ruwan gwal da ake haɗo fulawa da shi, yawanci shi ke kashe ta. Ki cire ta daga ciki. Mu nan ba mu da uzuri, domin muna da abin da ya fi shi: tulun ƙasa, ƙaramar tukunyar yumɓu, kwandon kaba, ko tukunyar da aka yi wa rigar jan fata a wajen dukawa. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har ƙasashen waje, ba abin da za a raina ba ne a falo. Farin okid a tulun ƙasa marar fenti ya fi tukunyar gwal goma. Tangaran fari ko baƙi marar zane shi ma yana yi.

Ma'aunin tsayi shi ne, abin da ya fito sama da bakin tukunya ya kai tsawon tukunyar sau ɗaya da rabi. Tukunya mai santimita 30, reshen da ya fi tsawo ya fito da kamar 45. Ta teburin tsakiya da ta teburin cin abinci kuwa, duka da tukunyar kada ta wuce santimita 30, don kada ta tare fuskar wanda ke zaune a ɗaya gefen. Bakin tukunya in ya yi faɗi rassan za su baje su bar rami a tsakiya, sai ki yanka busasshen soso ki cusa, ki soke karan a ciki.

Ki zuba busasshen yashi ko tsakuwa ya kai kashi ɗaya cikin uku na tukunyar. Fulawar roba ba ta da nauyi, fanka in ta kai lamba ta ƙarshe za ta kayar da ita, haka ma gefen hijabi in an wuce. Doguwar bishiyar kusurwa, ki saka ƙaramar tukunyarta cikin babba, ki cike gefen da yashi, ki rufe saman da tsakuwa mai tsabta, kada a ga siminti ko soso.

Gilashi mai nuna ciki yana da wuyar sha'ani, domin yana nuna waya da gindin roba. In dole shi ake so, a cika shi da fararen tsakuwa har su rufe karan. Kada a zuba ruwa wai don ya yi kama da gaske. Wayar za ta yi tsatsa ta ɓata ruwan da gilashin, ga kuma sauro da aka yi wa wurin ƙwai.

Inda za a ajiye

Falo matsakaici abu biyu ya ishe shi: dogo ɗaya a kusurwa, gajere ɗaya a tebur. Kusurwar ta zama kusa da taga, inda za a yarda shuka za ta iya rayuwa, amma ba inda rana ke faɗowa a kanta ba. Ɗakin kwana ɗaya tak, a gaban madubi ko durowar gefen gado. Falon maigida, ganye kawai ba fure, moda ko reshen zaitun. Kicin kada a sa ko ɗaya, tururin mai yana haɗuwa da ƙura ya zama danƙon da ba ya fita. Saman kabad da saman firij su ma a bar su, ba wanda ke hawa ya goge.

Ganyen da ake zagaye silin da shi, da ciyawar robar da ake manne wa bango bayan talabijin, a shago ko wurin ɗaukar hoto suna da amfaninsu. A ɗakin zama matattarar ƙura ce da yanar gizo, tsaka da sauro su sami maɓoya, kuma ba a iya sauke su a wanke cikin sauƙi.

Ki lura da ƙwan lantarki. Farin nan mai ƙarfi, wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa, yana fito da ƙyallin roba ƙarara. Mai ɗan ruwan ɗorawa, 2700K zuwa 3000K, yana tausasa shi. Fitilar nan mai canza launi da ake zagaye silin da ita kuwa, ko furen gaske ta haska sai ya koma na roba.

Ranar jere za ki ga 'yan uwa sun kawo gudummawar fulawa, kowace tana son a ga tata. Kada a jera su duka. A zaɓi biyu ko uku, sauran a sa a kwali, amarya ta riƙa canzawa bayan wata biyu ko uku. Haka ɗakin zai riƙa sabuntuwa, kuma ba wadda za ta ce an raina kyautarta. In da yara ƙanana masu shigowa, mai ƙananan 'ya'yan roba a ɗaga ta sama, suna cirewa su kai baki.

Ƙura, turare da rana

Nan ne ake cin jarrabawa ko a faɗi, kuma wannan sashen amarya ya kamata a karanta wa, domin ita za ta zauna da kayan.

Lokacin hunturu a kaɗe ta sau biyu a mako, sauran shekara sau ɗaya. A fitar da ita waje, a bi ta daga sama zuwa ƙasa da sabon buroshin fenti mai laushi na inci ɗaya ko biyu, ko buroshin hoda da aka ware don haka. Dirayar gashi ma tana yi in an sa ta a iska mai sanyi. Kada a taɓa sa ruwa kafin a kaɗe busasshiyar ƙurar. Ƙurarmu in ta ji ruwa laka take zama, ta shige cikin yadin ta rine shi, farin fure ya koma ruwan ƙasa har abada.

Ga masu lunguna da yawa akwai dabarar gishiri. A zuba rabin kofi na gishiri mai tsakuwa a babbar leda, a sa kan fulawar a ciki, a riƙe bakin, a girgiza minti ɗaya ko biyu, a fitar a kakkaɓe. Da rani kawai ake yin wannan. Da damina gishirin yana jan danshi, ya maƙale, ya sa wayar tsatsa.

Wanki sau biyu a shekara ya isa, ɗaya bayan hunturu ya wuce, ɗaya kafin Sallah. Ruwan sanyi lita biyar, ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke. A kifa kan fulawar a ciki, a kaɗa a hankali daƙiƙa goma zuwa ashirin, a ɗauraye, a rataye ta kai ƙasa a inuwa. Ba jiƙawa, ba murzawa, ba garin sabulu, ba bilic, ba ruwan zafi. In ruwanku irin mai barin fari-fari a jikin kofi ne, ɗaurayar ƙarshe a yi ta da ruwan leda. Mai laushin nan mai tsada ba a tsoma ta, da ɗanyen tsumma mai laushi ake goge ta falle-falle. Mai gashi-gashi a jikin ganye ko kara, buroshi kawai.

Turaren wuta kuma ba a raba ɗakin amarya da shi, ba kuma zan ce a daina ba. Sai dai hayaƙinsa yana da maiƙo, yana sauka a kan fure, ƙura ta bi ta manne. Kasko ya yi nisa da fulawa akalla taku uku, ko a lulluɓe ta da mayafi mara nauyi har hayaƙin ya lafa. Nisan nan ba don tsabta kaɗai ba ne, roba da foliyesta suna narkewa su kama wuta, garwashi ɗaya ya isa. In maiƙon ya riga ya kama, a haɗa ruwan khal da ruwa rabi da rabi, a gwada a ganye ɗaya na ƙasa tukuna, in launi bai motsa ba a goge sauran. Kada a fesa mata turare ko humra, suna barin tabo. Mai son ƙamshi ta ɗiga a auduga ta jefa cikin tukunyar.

Rana kuwa ba ta da magani. Tagar da ke kallon yamma ita ce mafi muni. Ja yana koɗewa, koren ganye ya juya ya koma shuɗi-shuɗi, robar ta bushe ta riƙa karyewa. Ko wadda aka ce an yi ta don waje, ranar Sakkwato tana rage mata kwana. Tsakar gida da baranda a ba su shuka ta gaskiya mai jure zafi: kariya, moda, alobera, ko bogenbiliya a jikin katanga. Sai dai ruwan jikin kariya guba ne, a nisanta ta da yara da awaki. Fulawar robar da aka ajiye a kwali kuma kada a kai ta sito ƙarƙashin kwano, ƙarƙashin gado ya fi sanyi.

Iyakar abin da za ta iya

Fulawar roba ba ta ƙamshi, ba ta toho, kuma wanda ya matso ya taɓa zai gane. Akwai kuma mutanen da ko ta kai ina ba sa son ta, wannan ra'ayi ne, ba a musu a kansa. In amarya tana cikinsu, akwai hanya ta uku da muke da ita a ƙofar gida: busassun kayan gona. Zangarniyar gero biyar ko bakwai a dogon tulu, ko kan dawa ja, ko reshen auduga da ya fashe, suna yin kyau ƙwarai, kuma ana iya cakuɗa su da koren ganyen roba kaɗan. Sai an shanya su sosai, an fesa musu man feshin katako marar launi, in ba haka ba ƙwari da ɓera za su zo cin rabonsu. Shekara ɗaya ake canza su, bayan kaka.

Ban ga ɗakin ba, ban san girmansa ko launin kujerun ba, saboda haka ki riƙe sayen fulawar sai an gama shimfiɗa kafet an rataye labule. Ki ɗauki hoton ɗakin da rana, ki tafi kasuwa da shi, in da hali ki tafi da gwaggon da amaryar, kowa ta juya bayan ganye da hannunta.

Mai kyau ta yadi, in ana kaɗe ta kuma rana ba ta dukanta, tana yin shekaru. Alamar ta gama aiki ita ce launi ya koɗe a gefe ɗaya, bakin fallaye ya yi gashi, ko ta fara danƙo a hannu. In zare kaɗan ne ya fito, a datse da ƙaramin almakashi. In kan fure ne ya zare, ɗigon gam ɗaya ya mayar da shi. Koɗewa da danƙo kuwa ba su gyaruwa, kada a ɓata kuɗi wajen fesa mata fenti. A zare furannin a zubar, a duba ganyen, sau da yawa shi yana nan da sauransa, sai a wanke shi a mayar tukunyar a sayo sababbin kawuna uku a ƙara.